Shafin Gayyatar Auren Yaya Kabiru

Ba zan taɓa mantawa ba da auren yayana Kabiru, kuma ko na so mantawa mutanen Koki ba za su bar ni ba. Lokacin na gama koyon haɗa shafukan intanet ke nan, kaina ya yi girman da hula ba ta zama. Damuwata ɗaya ce, Baba bai yarda sana'a nake yi ba. A wurinsa duk wanda ya wuni yana kallon kwamfuta zaman banza yake. Na ƙudura a raina a bikin nan zan rufe bakin kowa.

Na ce kada a wahalar da kai da kati, ni zan yi shafin gayyata. Kuma na yi, ban rage komai ba. Hotunan ango manya-manya, bidiyo, furanni suna zubowa daga sama, rubutu ruwan gwal mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan bango ruwan ɗorawa. Na ɗora kiɗan kalangu da muryata a kai, da zarar shafin ya buɗe sai su tashi da kansu (wannan dabarar har tafa wa kaina na yi). Rana da wurin ɗaurin aure kuwa suna can ƙasa, sai mutum ya yi ta ja kafin ya iske su.

Da na nuna wa Baba a kwamfutata, ya gyara tabarau, ya matso, ya ja baya.

"Ina rubutun?"

"Ga shi nan, Baba. Salo ne."

"To, Allah ya ba masu ido sa'a."

Ban ji komai ba, na tura wa dangi kaf.

Baffa Sani, ƙanin Baba da ke Soron Ɗinki, shi ne wakilin ango. Da safiyar ranar ɗaurin auren ya danna shafin don ya tabbatar da lokaci. Wayarsa tsohuwa, sabis a lungunsu sai a hankali, shafina kuma ya yi nauyi kamar buhun gero. Abu ya yi ta juyawa a farin allo. Da ya gaji sai ya jefa wayar a aljihun gaba, ya tambayi maƙwabcinsa, ya kama hanya.

A ƙofar gidan su amarya a Koki an shimfiɗa tabarmi, manyan riguna sun cika wuri, ni ina gefe ina baza ƙamshi. Waliyyin amarya ya ce ya bayar. Liman ya miƙa wa Baffa makirufo, wuri ya yi tsit. Ashe a filin nan sabis ya samu, shafina ya gama lodi. Baffa ya sunkuya zai ce ya karɓa, sai kalangu ya ɓarke daga ƙirjinsa, lasifika ta ɗauka ta watsa wa unguwa. Sannan muryata, da wani yanga da ban san ina da shi ba:

"Barkanku da zuwa, masoya! Ƙanin ango ke magana, gwanin shafukan zamani!"

Baffa ya zaro waya yana dannawa, furanni suna ta zuba, maɓallin kashewa ya ɓuya a bayansu (ni na ƙanƙanta shi don kada ya ɓata ado). Liman ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, a bari gwanin ya gama, ko mu ci gaba?"

Haka na rarrafa a kan tabarma, ina tsallake ƙafafun dattawa ina ba da haƙuri, muryata tana ta yi wa jama'a maraba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ko ni da na haɗa abin ban ga maɓallin ba, sai wayar na kashe gaba ɗaya.

An ɗaura aure lafiya. Da muka koma gida na zauna jiran faɗa, Baba bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka rubuta musu rana da wuri baƙi a kan fari, me zai ragu?"

Sana'ar dai ina cikinta, kuma na iya ta, shafukana yanzu ko a lungun Baffa buɗewa suke kafin ka ƙifta ido. Idan wanda ya ba ni aiki ya ce in sa masa kiɗa mai tashi da kansa, sai in tambaye shi ko yana da baffa mai zuwa ɗaurin aure.