Ranar da Aka Sace Mini Mayaƙa

Shekarar da taki ya gagare mu, ɓarayin shanu kuma suka hana mu sakat, ni a waya nake huce haushi. Wani wasan yaƙi na samu mai dodanni da ganuwa. Sati uku ina horar da rundunar masu layar zana, ina cika baki a majalisa cewa daga nan har Makoɗa babu sarkin yaƙi kamata.

Ranar Laraba na karɓo wayar daga wurin Sabi'u mai caji, na buɗe, wayam! Ga sansani, ga tuta, babu mayaƙi ko ɗaya. Na kashe na kunna, har girgiza ta na yi. A irin wannan shekara, me mutum zai zata in ba sata ba?

Na koma shagon na tara masa jama'a.

"Sabi'u, ka ji tsoron Allah. Wa ka tura wa mutanena?"

Ya karɓi wayar, ya dangwala wani kurmi da yatsa. Sai ga su a tsugune, su duka.

"Malam, ba ɓuya ka koya musu ba?"

Har yau, in akuya ta ɓata a garinmu, gidana ake fara zuwa, a tambaye ni ko ni na horar da ita.