Hatimi Talatin da Shida, Batir Babu Ruwa

Shekaranjiya Asabar aka kore ni daga zauren mafaka na kan tudu. Ma'aikata biyu suka raka ni ƙofa, suna sunkuyawa, suna ba ni haƙuri, suna tura ni. A tsibirinmu da ladabi ake korar mutum.

Ga yadda aka yi. Shekara uku da suka wuce manyanmu suka sayo manyan batura goma sha biyu, suka jera a wani ɗaki bayan zauren, don in guguwar teku ta katse wuta tsofaffi su samu haske. Aka yanke ƙyalle, aka tafa, aka ɗauki hoto. Sai aka kulle ɗakin, aka manna farar takarda daga ƙyaure zuwa bango, aka rataya kati a ƙusa. Duk wata Mai Girma Sarkin Hatimi yakan hau tudun, ya ga takardar ba ta yage ba, ya buga jan hatiminsa a katin, ya sauka. Duba batir ke nan. In ya buɗe ƙofa takarda za ta yage, in ta yage sai ya rubuta rahoto. Ban taɓa ganin mai kiyaye doka irinsa ba.

Ni Gonzo, aji huɗu na yi, ubana ya ce jirgi na jira. Shekara hamsin da biyu ina kamun kifi, batir bai taɓa kunyata ni a tsakiyar teku ba. Irin batirin da suka jera a ɗakin nan ruwa yake sha, kamar na jirgi. Ka buɗe murfi, in ruwan ya ja ƙasa ka ƙara tatacce, ka goge farin garin da ke taruwa a kawunansa, ka shafa giris, ka ba shi caji a hankali. Shi ke nan karatun.

Abin da ya dame ni Matsuji ne, maƙwabcina. Huhunsa ya gaji, da na'ura yake numfashi, ƙaramin batirinta kuwa awa biyu yake yi. In guguwa ta taso zauren ake kai shi. Rediyo ta ce wata babba na tafe ranar Alhamis, kuma irinta ta taɓa barin mu kwana uku ba wuta.

Matarsa Tsuruko ta tare ni ina shanya kifi.

"Kai likitan batir, kullum cika baki. Ka je ka duba mana."

"Makulli na ofis."

"Ka roƙe su."

"Ban iya ba."

"Na sani. Shekara arba'in marigayiya matarka tana faɗa."

Na tafi ofis da jarkar ruwan batir. Aka ba ni shayi. Sarkin Hatimi ya ce, "Dattijo, kana da takardar shaidar wannan aiki?"

Na ce, "Ina da hannu."

Ya sunkuya, ya ce za su duba maganata da idon basira. Kun dai san ma'anar wannan.

Asabar ce ranar atisayen shekara. Muka cire takalma a bakin ƙofa, muka sa hulunan kwano, aka rufe tagogin ƙarfe kamar guguwa ta iso. Yadda suke gwajin kowace shekara, wani ya kashe fitila a makunnin bango, a ƙirga uku, ya kunna, a ce batir ya karɓa, a tafa. Babban makunni mai shigo da wutar gari ba a taɓa shi, kada lasifikar Babban Baƙon taro ta mutu. Dabara ce mai kyau. Bara ni ma na tafa.

Na matsa kusa da Matsuji. "Na'urarka a cike take?"

Ya ɗaga min gira. Tun muna yara ya san fuskata in zan yi ɓarna.

Babban Baƙo ya hau dandamali. Daga babban gari ya zo, rigar aikin ceto a jikinsa, layin guga bai ko karye ba. Yana cikin yabon baturan na miƙe kamar mai neman banɗaki, na bi lungu, na ja babban makunni ƙasa.

Batura goma sha biyu suka riƙe wuta daidai numfashi ɗaya. Lasifika ta mutu a tsakiyar kalmar "tabbas". Zaure ya yi baƙi ƙirin, ba ka jin komai sai na'urar Matsuji tana huci. Can sai muryar Tsuruko, a natse:

"Ranka ya daɗe, ko a ɗauko katin ne ya haska mana?"

Ba wanda ya yi dariya. Tari dai ya kama mutum wajen sittin lokaci guda.

To, kun ji dalilin korata. A bakin ƙofa na zura ƙafar hagu a takalmi, na taka wani abu mai sanyi. Makullin ɗakin batura. Sarkin Hatimi na tsaye a gefe yana nazarin rufin ɗaki. Ban gode masa ba, bai gan ni ba.

Lahadi da safe na hau tudun da buta. Na turara takardar da tururi har ta saki ba ta yage ba. Baturan sun bushe ƙamas, kawunansu fari fat kamar nawa. Na ba su ruwa, na goge, na ɗora su a caji. Yau na gwada. Huɗu sun riga mu tafiya, takwas sun farfaɗo. Takwas ɗin za su riƙe na'urar Matsuji da ƙwan fitila biyu kwana uku, muddin ba a jona lasifika ba. Na mayar da takardar, na manne ta da ƙwayar dafaffiyar shinkafa.

Kwamitin bincike ma bai yi barci ba. Ya gano laifin na babban makunni ne, da ya tsaya inda hannun tsoho zai kai. An sa masa kwado, an rataya masa nasa katin.

Ranar ɗaya ga wata Mai Girma zai hau tudu ya buga na talatin da bakwai. Kada kowa ya gaya masa, amma wannan karon hatimin gaskiya zai faɗa.