Rasuwar Sai-Haƙuri, Motar Kabo Direba, Bayan Ta Koyi Tsayawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai giɓin da bai warke ba, Malam Kabo Direba na Mawashi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da manoman gyaɗa na Kunduru, da masu tallan nono na hanyar Kusada, rasuwar motarsa Sai-Haƙuri. Ta cika ranar kasuwar Rimaye da ta wuce, da hantsi, a gindin gangaren kasuwa, cikin wannan kaka ta alif ɗari tara da hamsin da huɗu. Ta rasu a bakin aiki, da lodin gyaɗa a bayanta, a gaban jama'ar da suka fi kowa ƙaunarta.

An haifi marigayiya a Ingila, ta yi ƙuruciyarta a hannun soja, ba ta iso ƙasar Katsina ba sai da ta manyanta. Shi ma Kabo a soja ya koyi tuƙi. Da ya dawo daga yaƙin Bama ya ganta a Kano ana gwanjonta, ya zagaya ta, ya shafa mata goshi, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Ya koma Mawashi ya sayar da gonar gadonsa, har da kukar da ke tsakiyarta, dangi suna ta faɗa yana ta murmushi. Tun daga ranar ba shi da gona, ba shi da jaki, ba shi da wata sana'ar da ya iya. Tuwon da matarsa Kulu take tuƙawa da rigunan sallar 'ya'yansu, duk daga bayan wannan mota suke saukowa.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da sanyin hali. Ba ta taɓa tashi da asuba ba sai an lallashe ta: Kabo ya zura handul a hancinta, ya juya, ya juya, ta ce "gurr, gurr," ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "kaf-kaf-kaf," ta girgiza jiki ta amsa. Ba ta raina fasinja. Ta ɗauki buhu, ta ɗauki akuya, ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibitin Kankiya. Inno da Hadijatu, matan rugar Bubayero, sun ce shekara da shekaru suna hawanta da ƙoren nono a cinya, ko ɗigo bai taɓa zuba ba, don ba ta san fizga ba, ba ta san tsayawar gaggawa ba.

A nan ne za a faɗi gaskiya, ko da yake mamaci ake magana a kai: ba ta san tsayawa ba ko kaɗan. Birkin da ta zo da shi na waya ne da sanduna, ya tsufa tun tana soja. In Kabo ya taka, sai ta ce "ƙiii," don ladabi kawai, ta ci gaba da tafiyarta. Amma jama'a ba su bar ta da lalurarta ba. Kowane garin da take tsayawa yana da mai waiginsa, wato wanda zai jefa mata gungume a ƙarƙashin taya. A Rimaye, Baba Lawal mai goro ne yake da wannan matsayi, da wani gungumen ƙirya da yake ajiyewa a gefen faifansa, ba ya barin kowa ya taɓa. Tun daga tsamiyar kan tudu Kabo zai fara rage giya, ya matsa ham ɗin roba ta ce "bo-bop," ta gangaro a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Baba Lawal ya tashi ba gaggawa, ya kakkaɓe riga, ya tura mata gungumen. Ta dafa shi, ta ce "fushhh," ta tsaya. Ba a biyansa, kuma da an gwada biyansa da an ɓata da shi.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga Katsina, ranar da aka kai ta gaban Baturen duba motoci. Baturen ya hau, ya taka, ya sake takawa, sai da ta kusa shiga katanga. Ya sauko fuska ja wur, ya sa tafinta ya tambayi Kabo ina birkin motar nan yake. Kabo, bawan Allah, ya amsa da iyakar gaskiyarsa cewa na Rimaye sunansa Lawal, na Kunduru kuwa ya tafi biki amma ƙanensa yana riƙe masa. Baturen bai yi dariya ba. Ya ce in bai ga ta tsaya da kanta ba kafin ƙarshen cinikin gyaɗa, zai cire ta daga hanya har abada. Labari ya riga Kabo isa tashar Kankiya. Direbobi suka sa shi a gaba, wanda duk ya gan shi sai ya tambaye shi lafiyar birkinsa da iyalin birkinsa. Yana dariya tare da su, amma abin yana cin sa a rai ƙwarai.

Dauda bakanike na Kankiya ne ya kawo shawara. Ya ce irin marigayiya an daina ƙera su, kayansu ma sun ƙare a kasuwa, amma tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta fi ta girma da ƙarfi, kuma akwai gawar guda a bayan tashar jirgin Kano. Ya auna ramukan noti na tayar marigayiya da tsinken tsintsiya, ya kakkarya daidai tsawonsu, ya zuba a aljihu ya tafi. Ya dawo da manyan kwanonin birki, da tukunyar mai da bututunta, yana washe baki, don ramukan sun hau ɗaya bisa ɗaya kamar tare aka huda su. Aka kwantar da ita a kan duwatsu a ƙarƙashin darbejiya, aka cire mata wayoyin da ta tsufa da su, aka dasa mata na yayarta. A shaida wa Dauda, aikinsa ba shi da aibi ko na ƙwayar gero.

Sun gwada ta su biyu a hanyar Kusada, inda babu kowa. Kabo ya taka, ta tsaya cak. Ya daɗe riƙe da sitiyari, sai ga hawaye. Shekarunsa nawa yana tuƙi, ranar ce ya fara tsayawa a inda ya ga dama. To, a nan Shaiɗan ya raɗa masa shawara. Ya roƙi Dauda, don girman zumunci, kada ya gaya wa kowa. Ko Kulu bai gaya wa ba. So yake ranar kasuwar Rimaye, lokacin da ta cika ta batse, ya shigo da gudu irin na direbobin Kano, ya tsaya a gaban faifan Baba Lawal ba gungume, ya leƙo ta taga ya gaishe shi, kowa ya gani da idonsa.

Ranar ta zo. Ya yi lodi a Kunduru har ya fi na kullum. Ya iso tsamiyar kan tudu, bai rage giya ba, ya danna ham don murna, ta yi ta "bo-bop, bo-bop, bo-bop" ba ƙaƙƙautawa. Mutanen kasuwa suka ɗaga kai suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Sai-Haƙuri tana gangarowa a guje tana kuka. Babu wanda ya yi tunanin birki, ina za su samo wannan tunani? Abu ɗaya suka fahimta, cewa motar ta ƙwace, kuma Kabonsu yana neman agaji. Da mutanen banza ne da sun watse. Mutanen Rimaye ba su watse ba. Baba Lawal, da tsufansa, ya sungumi gungumen ƙirya ya ruga tsakiyar hanya. Mahauta suka turo kututturen saran nama. Mai sayar da turame ya gangaro da hajarsa duka. Wata tsohuwa, da ba ta sami komai ba, ta jefa kujerarta.

Kabo ya taka birki a daidai inda ya shirya, birkin yayarta ya kama da ƙarfin da ba ta saba ba, kuma a wannan ƙiftawar ido tayoyin gaba suka ci karo da taimakon gari guda. Ƙafafunta na gaba suka tsaya. Sauran jikinta bai sami labari ba, ya wuce. Aka ji "ƙarass," ƙashin bayanta ya karye gida biyu, inji ya dafa ƙasa, buhunan gyaɗa suka tsallake kan direba suka zube a rumfar masu gishiri. Maganarta ta ƙarshe ita ce "tsss," daga lagireto, a hankali, har ta yi shiru. Cikin ikon Allah ba a rasa rai ba, sai haƙorin Kabo da ya bari a jikin sitiyari. Jama'a suka zaro shi suna yi masa barka, kowa yana nuna masa abin da shi ya jefa.

Dauda ya zo washegari, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya cire hula. Ya ce shasi ne ya rabu, wato ƙashin bayan nan nata, kuma ko maƙeran duniya za su taru ba mai ɗinke shi ya sake ɗaukar kaya. Ya ƙara da cewa birkin lafiyarsa ƙalau. Kabo bai kai ƙarar kowa ba. Wa zai kai? Mutanen da suka tari mota da ƙirjinsu don su cece shi? Baba Lawal ya daina fitowa waje, yana cewa shi ya kashe ta, sai da Kabo ya je har gida ya durƙusa ya ba shi haƙuri, suka zauna a zaure suna share hawaye.

Marigayiya ta bar uban gidanta Kabo, da Kulu da yara, waɗanda har yanzu suke fitowa ƙofar gida in sun ji ƙarar mota. Ta bar manoman Kunduru, da suka koma neman jakai. Ta bar masu waigi a garuruwa da dama, kowa da gungumensa ba abin tarewa. Ta bar tayoyin baya masu sauran kwana, da ham ɗin roba, da sabon birki wanda za a ɗaura wa motar Alhaji Babba ta Kankiya, don ita ce ainihin irinsa. Alhajin yana da direbansa, ya kuma yi ta'aziyya mai kyau.

Za a ɗauki gawa ranar Laraba bayan la'asar. Bubayero ya ba da aron shanu da za su ja ta daga gindin gangare zuwa bayan maƙera, inda za a raba ƙarfenta a yi fartanya da galma. Katakon bodi an bar wa Kulu. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka addu'a ga mai ita za a yi. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Kabo da ke Mawashi har zuwa sadakar uku, ba za a kai bakwai ba, don gidan ba zai iya ba. Wanda bai samu zuwa ba, zai tarar da Kabo daga ranar Asabar a bakin sikelin gyaɗa na Kankiya, cikin 'yan dako, da gammo a ka. Iyalai suna roƙon duk mai zuwa gaisuwa can ya kira shi Kabo kawai. Kada a ce Direba a gaban mutane, don har yanzu yana waiwayowa.