Katakon Gindin Bangon Kaka

"Lafiya lau, Kan-Tulu, sai gajiyar mota. Matsa mini, ka tsaya a bakin ƙofa kamar an kafa ka."

"Sannu da dawowa, amarya. Ido ya buɗe? Yau dai za ki ga irin kyan mijin da Allah ya ba ki."

"Na gani. Da na san kai zan fara gani, da na ce wa likita ya mayar mini da yanata."

Kaka ce ta dawo ɗakinta bayan aikin ido da doguwar jinya a gidan 'yarta, wadda ta rako ta. Kafin ta tafi daɓen ɗakin duk ya farfashe, har wani rami a bakin gado ya taɓa kayar da ita. Shi ne jikanta, ɗan 'yar tata, wanda shimfiɗa tayil ce sana'arsa, ya ce zai gyara kafin ta dawo. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: kada ya kuskura ya taɓa katakon da ya zagaye gindin bangon, domin marigayi mijinta kafinta ne, shi ya fere shi ya kafa da hannunsa.

Tana ɗaga labule ta ja baya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ɗakina ne wannan, ko ɗakin tiyata kuka sake maido ni?"

"Shiga mana. Ko sai na ɗauke ki?"

"Da waɗannan hannuwan kamar tsinken tsintsiya? Na gane nufinka. So kake in zame in karye, ka ci gado."

"Gadon me? Buta mai yoyo da rediyon da sai an mare shi yake magana? Taka ki ji, mai kaushi na zaɓo miki. Ko da gudu kika biyo ni ba za ki zame ba."

"Ni in bi ka da gudu? Samarin da suka fi ka ma layi suka yi."

"Ai na ji labari. Duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda tsayuwar layi."

Ta kai masa duka da sandarta, ya goce. Sai ta taka a hankali, tana gwada ƙasan da yatsun ƙafa kamar mai shiga rafi. Ta bi gindin bango da kallo. Katakon yana nan yadda ta bar shi, ko ƙwarzane babu, tayil ya bi shi ya kwanta luf. A ranta ta yaba, amma ta rantse bakinta ba zai faɗa ba.

"Kin san wahalar da katakon nan ya ba ni?" in ji shi. "Kowa cire shi yake yi, ya shimfiɗa tayil, sannan ya mayar. Ni kuwa duk na gefe sai da na auna na yanka ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin nan babu kusurwar da ta miƙe. Tsohon mijinki da ido ɗaya ya yi awo?"

"Rufe mini baki! Ranar da ya kafa katakon nan, ko uwarka ba ta san hanyar makaranta ba."

Tana faɗin haka sai idonta ya kai lungun bayan gado. Tayil da simintinsa sun ɗaga ƙasan ɗakin, har sun rufe leɓen katakon. A wannan lungun kuwa akwai guntun da ba a buga masa ƙusa ba. In aka ja ƙasansa yakan buɗe, a bayansa akwai ɗan rami, a ramin akwai gwangwanin alewarta. Tun da likita ya ce tana da ciwon sukari, 'yarta ta kwashe duk wani abu mai zaƙi daga gidan, wannan gwangwanin kaɗai ya tsira. Yanzu ga shi an binne shi da rai.

Ta zauna a bakin gado.

"Lafiya, amarya? Ko kyan ɗakin ne ya sa ki jiri?"

"Je ka kawo mini ruwa."

"Ga shi nan kusa da ke."

"Na randa nake so."

"Ba mu da randa."

"To je ka sayo!"

Bai motsa ba. Ya jingina da bango ya harɗe hannuwa, yana murmushin da ba ta so ba ko kaɗan.

"Wai Kaka, tururuwan ɗakin nan me kike ba su? Na ga wata, wallahi sai da ta huta sau biyu kafin ta ƙetare ƙofa, saboda ƙiba."

"Ina ruwana da tururuwa?"

"Na bi layinsu ne, har bayan gado."

Kaka ta zaro ido. "Ka buɗe?"

"Na buɗe. Na yi salati har maƙwabta suka leƙo. Alewa mai sanda, alewa mai madara, har da sukari mai ƙwaya! Kanti guda a cikin bango, ke kuma kullum kina rantse wa likita ko shayi ba kya sa wa komai."

"Rage murya, ɗan banza, uwarka tana kicin!"

"Mama!"

Ta yi wuf ta cafke bakin rigarsa. Ita kanta ta yi mamakin ƙarfinta. "Ka kira ta, na sake ka. Saki uku, yau ɗin nan."

"Mace ce ke saki yanzu?"

"A ɗakina, ni ce alƙali."

Daga kicin aka amsa, "Na'am?" Kaka ta ƙara damƙe rigar. Ya dube ta, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ba komai, Kaka ce take yaba aikina!"

Ta sake shi tana haki. Can ta ce a hankali, "Kakanka ne ya yi mini ramin nan, don in riƙa ɓoye abin daɗi saboda yara. Ko uwarka ba ta sani ba. Kai kuma ka zo ka toshe shi da siminti."

"Wa ya ce na toshe?"

Ya durƙusa a lungun, ya sa farce ya ɗaga wani siririn yankin tayil da bai liƙa ba, ya ja katakon. Ya buɗe kamar yadda ya saba. Ga gwangwaninta nan zaune. Kaka ta ɗauka, ta ɓalle murfin.

Ƙwayoyin maganin sukarinta ne a ciki, jere reras.

"La'ilaha illallahu! Ina kayana?"

"Yaran unguwa sun yi miki addu'a sosai. Na ga nan ne kaɗai wurin da ba kya manta zuwa kullum, shi ya sa na ajiye maganin a nan. Idon nan da aka gyara, so nake ya daɗe yana kallona."

Ta buɗe baki za ta zage shi, sai dariya ta ƙwace mata, har tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta lafa, ta kwance ƙullin da ke bakin mayafin, ta zazzage masa alewa a tafin hannu.

Shi ne yanzu ya zaro ido. "Kaka! Daga jinya fa kike! Wa ya ba ki?"

"Tsohuwar da ke gadon kusa da nawa, tun ina asibiti. Karɓi, ka ci ni da yaƙi, Kan-Tulu. Shanye maza kafin uwarka ta shigo, in ta kama ka ni ban san ka ba."