Baturen da Na Je Tarba a Tashar Yelwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Alhaji, mai kamfanin casar shinkafar da nake aiki, ya aike ni tarbo Bature.

Sabon injinmu ya fi wata biyar lulluɓe da tamfol, an rasa mai haɗa shi, sai Alhaji ya ce a ɗauko ƙwararre daga waje. Ashe abin ba kamar kiran makaniken babur ba ne. Sai kamfani ya nemi izinin gwamnati, ya nuna aikin ya gagari 'yan gida, ya ba mutumin takardar ɗaukar aiki, ya kuma tsaya masa a kan zamansa, sannan a buga masa biza. Lauyan Alhaji ne ya yi wannan fama a Abuja. Ni suna kawai ya iso kunnena: Injiniya Robert Simon.

Da jin sunan na gama zana shi a raina, fari sol, dogon hanci, gajeren wando. Na ce wa Alhaji a bar mini tarbarsa, don duk kamfanin ba mai Turanci irin nawa. (Ni kaɗai na taɓa ba da wannan shaida.) Na zura kwat ɗin aurena cikin zafin Yauri, na rubuta sunan a kwali, na nufi tasha.

Motocin Birnin Kebbi suka yi ta shigowa, ba Bature. Na gaji na zauna a bencin mai shayi, na kife kwalin a cinyata. Gefena wani baƙin mutum ne cikin kaftani, yana cin soyayyen kifi hankali kwance. Muka gaisa. Hausarsa ta yi mini kama da ta mutanen Adamawa.

"Malam, kwat a wannan rana? Ɗaurin aure ne?"

"Bature nake jira," na ce, ina gyara wuya. Daga nan bakina ya ɓalle. "Ka ji wani abu, wai sai an ƙetare ƙasa a ɗauko mai ɗaure noti! Ni da za a ba ni sifana, kwana biyu na tada injin ga. Shi ko sauron bakin ruwa kaɗai ya ishe shi, ba zai yi sati ba."

"Allah Sarki. To me kuka tanadar masa?"

"Romon kifi da yajin Innata, mu ce masa ba zafi. Har suna na raɗa masa, Jan Ƙosai."

Mai shayi ya yi dariya har da buga tebur. Mutumin ma ya dara, ya goge hannu, ya ciro waya.

"Bari in kira wanda aka ce zai tarbe ni, na kusa awa guda a nan."

Sai aljihun kwat ɗina ya fara ruri.

Jama'a, na so benci ya tsage in shige. Na bar wayar tana ta kuka, wai ko za ta gaji. (Ba ta gaji ba.) Ya miƙo hannu a nutse, ya juya kwalin da ke cinyata, ya karanta.

"To, ga Jan Ƙosai ya iso," in ji shi.

Ɗan Garwa ne ta ƙasar Kamaru, cikin Hausawa ya tashi. Abin da na iya furtawa kawai shi ne "Welkom, sa," da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Duk hanya ina lissafin korata daga aiki. Da muka isa, Alhaji ya rungumi baƙonsa, ya juyo gare ni.

"Doka ta ce sai an haɗa shi da ɗan gida ya koyi aikin a hannunsa. Sunanka na bayar."

Shekara biyu na yi a ƙarƙashinsa. Bai taɓa gaya wa Alhaji komai ba, Allah ya saka masa da alheri. Mai shayi ne ya ɗauki nauyin yaɗa labarin, har kasuwar kifi. Yanzu ko a layin asibiti na zauna, sai na tambayi sunan na kusa da ni da garinsu kafin in ce ko da "ana zafi".