Teburin da Ya Gaji Jafaru

"...lahiya lau, ya iyalin, ya muka ji da sanyi? To madalla. Kai, dakata. Dawuda, miye wanga?"

Nan gaisuwar Jafaru ta katse, ƙafa ɗaya cikin shago, ɗaya waje. Shagon ɗinkina yana jikin na Dawuda kafinta a nan Kankia, langa-langa kaɗai ta raba mu, don haka komai a idona aka yi. Su biyun taubasai ne, uwar Dawuda ƙanwar uban Jafaru ce, shi ya sa Jafaru ba ya kiran sa da komai sai "bawana". Jafaru manomi ne a ƙauyen Ƙofa. Shekara ashirin da bakwai ke nan, da an kai amfanin gona gida sai ya hawo mashin ya zo ya kama aikinsa na rani a bayan tsohon injin tsaga katako: Dawuda na turo katako ta gaba, shi yana tarbewa ta baya don kada ya faɗi ya tsage. Bana da ya dawo, sai ga dogon teburi manne da bayan injin, da durowoyi uku a ƙasansa, daidai inda ƙafafunsa suka saba tsayawa. Jiya-jiya Dawuda ya buga masa ƙusar ƙarshe.

"Magajinka ne," in ji Dawuda, ko ɗago kai bai yi ba. "Ku gaisa."

"Magaji da raina? Yaushe bawa ya hwara tuɓe ubangidanshi?"

"Wane ubangida? Wanda ke tsaye bayan inji shina shaƙar garin katako, ni ina ba shi umarni? Jafaru, na yi lissahin aikinka kaf, na ga ba komi ba ne sai tsayuwa. To ga mai ƙahwa huɗu, ya hi ka biyu."

"Ka ji ɗan mace! Katakon banza ka haɗa ni da shi?"

"Allah shi ba shi haƙuri in ya ji an haɗa ku. Shi bai taɓa cewa bayanshi na ciwo ba. Ba ya tahiya biki garin Boko ya kwana uku. Kuma tunda na kafa shi bai cinye mani tuwon matata Rahamatu ba."

"Tuwon da nike ci don tausayi? Kai, bari in tambaye ka. In mai gadon kwana ya zo amsar aikinshi karo na biyar, ka ɓuya bayan ƙyaure, teburin ne zai ce mashi ka tahi jana'iza Kusada?"

"Sau nawa aka yi haka?"

"Ni kaɗai na rufe maka mutum ya kai arba'in a Kusada, kuma duk suna nan da ransu!"

Na yi dariya har na ɗinke aljihun wani bawan Allah ta baki. Amma da na leƙa sosai, sai na ga Jafaru bakinsa kaɗai ke wasa. Idonsa na kan ƙasar nan da ƙafafunsa suka lotsa, wadda yanzu teburi ya rufe. 'Ya'yansa duk sun watse birni, kuma na san in ba shagon nan ba, babu inda zai kai ransa har ruwa ya sauko. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Ya matsa, ya shafa tafin hannu daga kan injin zuwa kan teburin, ya sake shafawa. Sai ga murmushin mugunta.

"Wane makaho ya auna wanga?"

"Ni na auna, da tef, sau uku."

"To ya hi injin tsawo. Kaurin hwarce."

"Hannun da ya saba da hauya ne zai gyara wa tef magana?"

"Injin ga ya girmi titin Kano, kuma rabin rayuwarshi a hannuna ya yi ta. Tada shi mu gani. In katako ya wuce, na yarda ka kira ni bawanka har gaban liman."

Dawuda ya ja janareta, injin ya yi tarinsa na tsofaffi sannan ya kama. Ya ɗora doguwar falanki ya tura. Ta wuce zarto lafiya, tana isa bakin teburin ta yi karo da shi, ƙum, ta cije. Da sauri ya kashe injin.

Jafaru ya cire hula ya yi juyi a tsakiyar shago, tsoho da furfura.

"Magajina ya hwaɗi jarabawa ranar hwarko! Tela, zo ka shaida! A hwasa shi a kai wa Rahamatu, ko tuwon ya nuna yau."

"Kuskure ne kaɗan..."

"Kaɗan? Ni na taɓa tokare maka katako? Bari ma in ga abin da aka tara a cikinshi, halan nan ka ɓoye hankalin naka."

Ya jawo durowar farko, faya-fayan zarto ne a jere, kowanne da gurbinsa. "Oho, an zama Bature." Ya jawo ta biyu, ga ƙusoshi, ga guduma, ga tef. "Ga maƙaryacin nan, a kulle shi." Ta ukun ta fi girma, da ɗan kwaɗo rataye ba a datse ba. Dawuda ya ce, "Bar wannan," amma ina, ya riga ya jawo.

Butar Jafaru ce a ciki, da dardumarsa a naɗe, da kofin shayinsa mai karyayyen hannu, da rediyon da kullum yake cigiya cikin garin katako. A kansu kuma ga wani tsumma shuɗi, gefensa a tattaune.

Na gane tsumman. Ana saura mako ɗaya ruwan daminar da ta wuce ya sauka, Jafaru ya miƙa hannu zai jawo guntun katako, jiri ya ɗebe shi, zarto ya kama hannun rigarsa ya yage shi har gwiwar hannu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba. Ranar dariya suka yi, Jafaru na cewa bawansa ya yi yunƙurin juyin mulki. Ashe mutum ɗaya ne ya yi dariyar da gaske.

"Ka aje wanga?" Muryar Jafaru ta sauka.

"Wata biyar ina kallonshi," in ji Dawuda, yana ta goge injin da ba abin da ya same shi. "Duk na tada inji sai in ga hannun ne ya tahi, ba riga ba. Mi zan je Ƙofa in ce wa Saudatu? In ce ga mijinki, saura na nan shago?" Ya yi gyaran murya. "Kuma ba don kai ba ne. Jini ɓata katako shike."

Da Jafaru ya so, sai ya bar teburin da aibinsa, ya koma gurbinsa. Ya daɗe yana juya tsumman a hannu, sannan ya mayar da shi ya tura durowar.

"Miƙo mani zarton hannu, bawa. Kama can mu kwantar da shi."

Da kansa ya rage ƙafafun huɗu, ba tef ba komai, yana yi yana shafawa. Suka tayar da teburin, aka sake tada inji. Falanki ta bi zarto ta hau teburi sumul, ta kwanta abinta. Na ga hannuwan Jafaru sun ɗaga da kansu za su tarba, ba su sami komai ba, sai ya cusa su aljihu.

Dawuda ya zaro wata 'yar kujera mai majingini daga ƙarƙashin teburin, ya dasa ta a bakin ƙofa, ya ɗora makullin kwaɗon nan a kai.

"Ga ofishinka. Gobe ƙarhe takwas. Mai gadon nan zai dawo, kuma teburi bai iya ƙarya ba."

Jafaru ya zauna, ya gwada majinginin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ban san na wanne ba ne.

"Na yarda, ya gaje ni. Amma ka sani, ni na rage mashi tsawo, don haka yarona ne. Da bawa ɗaya gare ni a shagon ga, yanzu biyu."

Ya tashi ya kwanto ƙullin gyaɗar da ya ɗauro a bayan mashin, ya wuce hannun Dawuda da ke miƙe, ya dire shi a kan teburin.

"Wanga nashi ne. Kai in ka koyi awo, baɗi a duba ka."