Yaƙin Haƙarƙari na Sha Uku

Godiya ta tabbata ga wanda ya ɗora kai bisa wuya, ya jera gaɓoɓi ya lulluɓe su da tsoka, bai nemi shawarar kowa ba. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Nomau ɗan Bagudu, ɗan Jatau Mai Gatari, ɗan Kwasau wanda ya feɗe bijimai bakwai tsakanin hantsi da azahar bai kurɓi ruwa ba, ɗan Anaruwa wanda masu ruwaya suka ce saniya in ta ji tarinsa daga nesa sai ta kwanta da kanta ta fuskanci gabas. Shi ne Barden Mayanka, Garkuwan Rundawa, Dodon bisashe, Gatarin awaza na kasuwar Kukar Jatau. Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan sarautu da wani ya naɗa masa, shi ya naɗa wa kansa, kuma ba a taɓa samun mai lokacin da zai tuɓe shi ba.

Dukiyar Nomau a duniya ita ce wuƙar gidansu, wadda ake kira Raba-Gardama. Tun daga Anaruwa take sauka hannu zuwa hannu, kuma ko da yake an sake mata ƙota sau huɗu, an sake mata ruwa sau biyu, duk wanda ya ce ba ita ce ta asali ba ya nemi faɗa. Ba ya yanka da ita. Ratayawa yake yi a ƙugu, inda tumbinsa ke yi mata rumfa.

Mafarin fitinar kuwa kwali ne. 'Yarsa Uwani, mai sunan mahaifiyarsa, wadda ke koyarwa a makarantar koyon aikin lafiya ta garin, ta zo gida da wani kwali cike da ƙasusuwan roba, ƙashin bayan mutum da haƙarƙarinsa, irin wanda ake nuna wa ɗalibai. Wayar da ta riƙe su ce ta yi tsatsa ta tsinke, komai ya warwatse. Ranar Asabar da safe ta ajiye kwalin a zaure za ta birni sayo sabuwar waya, ta ce, "Baba, don Allah kada a taɓa mini. Kafin la'asar na dawo."

"Allah ya kiyaye hanya, uwata. Wa zai taɓa miki?" in ji shi.

Da ya tsaya nan da babu tarihi. Amma baki shi ke yanka wuya, kuma mahauci ya fi kowa sanin wuya. Yana isa rumfar mahauta sai ya ba da labarin kwalin, ya ƙara da cewa abin da 'yan boko ke shekara uku suna haddacewa shi a yatsunsa aka haife shi da shi. A rumfar akwai abokin gabarsa na shekara talatin, Cindo, mahauci siriri mai maganar sanyi, wanda bai taɓa ɗaga murya ba kuma bai taɓa barin magana ta wuce ba.

Cindo ya ce, "Barde, ai rago daban, mutum daban."

"Ƙashi dai ƙashi ne."

"To a kawo kwalin mana. In ka haɗa shi daidai kafin kiran la'asar, Uwani ta shaida, ni zan riƙa wasa maka wuƙaƙe har azumi. In ka kasa fa?"

Nan ne jinin Anaruwa ya motsa, nan ne basira ta yi ƙaura daga kan Nomau ta bar izza tana gadin gida. Ya kwance Raba-Gardama daga ƙugu ya ɗora ta bisa kututturen sara a gaban Rundawa, 'yan'uwansa mahauta, goma sha ɗaya, ya ce in ya kasa ta zama ta Cindo. Kowa a rumfar ya san abin da ya ajiye. Shi kansa ya sani, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Aka ɗauko kwali aka juye bisa tabarma, rundunar maƙiya ta bayyana a fili, farare fat, ba jini ba ɓargo, ba ko ƙanshin da zai sa mutum ya ji yana aikin kirki. Tsoho Arzika makaɗi ya rataya kalangu. Masu sayen nama suka manta da miya, masu tallar albasa suka sauke tire, har Sarkin Yawo, wani karen kasuwa mai kunne ɗaya da rabi, ya zo ya shinshina ƙasusuwan, ya ga ba abin arziki, ya koma ƙarƙashin teburi ya kwanta. Wani ya nuna wa Nomau cewa kowane ƙashi akwai lamba a ƙarƙashinsa. Ya ture hannun mutumin, ya ce rubutu na wanda bai san ƙashi ba ne.

"Ga naku, Rundawa!" in ji Barde, ya naɗe hannun riga ya faɗa fagen fama.

Gaskiya ko ta maƙiyi ce a faɗe ta, balle ta jarumin tarihi: mutumin nan ya san ƙashi. Ido rufe ya riƙa laluben gaɓoɓin ƙashin baya da babban yatsa, yana ware su ƙabila ƙabila. Ya fara da dakarun wuya, ƙanana masu huji a kafaɗunsu, ya tsamo na farko mai kamar zobe wanda ƙoƙon kai ke zama bisansa, ya ɗora shi kan na biyu mai haƙori guda wanda kai ke juyawa a kansa, ya ƙirga su bakwai cif, ya ɗaga kai ya shaida wa jama'a cewa haka na rago yake, haka na saniya, Cindo ya je ya sha ruwa. Sannan ya auka wa gaɓoɓin ƙirji masu doguwar ƙaya da ke kallon ƙasa, kowace da ɗan gurbi a gefe inda kan haƙarƙari ke shiga, sannan manyan barade na kwankwaso, guda biyar masu kauri waɗanda ke ɗauke da nauyin duk abin da mutum ya ci a rayuwarsa, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta ya sa faifan guringuntsi don kada ƙashi ya ci ƙashi. Duka ya zura su a igiyar buhu, ya bi da igiyar ta ramin da laka ke bi.

Sau ɗaya ya yi turus, lokacin da ya tsinci wani ɗan ƙashi mai tsini a ƙarshen faffaɗan ƙashin da ke tsakanin ɗuwawu. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya gane shi. Ya ce, "Ashe muna da wutsiya. Ɓoye mana aka yi." Wata tsohuwa mai sayen hanta ta yi salati ta bar wurin.

Da ƙashin baya ya kammala sai ya rataye shi a ƙugiya yadda kakanninsa suka koya masa, wato gindi sama wuya ƙasa, don a sanin Nomau babu halittar da ake ratayewa ta kai. Sai aka shiga babban gumurzu, yaƙin haƙarƙari. Gumi ya keto masa, kalangu ya ɗau zafi, Arzika yana cewa, "Na Bagudu gagara ƙashi! Sa gabanka inda ka sa wuƙa!" shi kuwa yana ɗauko su bibbiyu, dama da hagu, yana ɗaure kowane a gurbinsa da zare. Bakwai na farko ya kai su har ƙashin ƙirji suka yi mubaya'a kai tsaye, uku na bayansu suka kama guringuntsin na gaba da su kamar talakan da ba ya ganin hakimi sai ta hannun mai unguwa, biyu na ƙarshe kuwa gajeru ya bar su suna reto, ba su jingina da kowa ta gaba ba. Ana kiran azahar ya ɗaure na ƙarshe. Kwali ya zama fanko.

Ya kai mai karatu, a wannan sa'a Nomau ɗan Bagudu ya ci yaƙi. Da ya je ya yi sallarsa ya dawo ya zauna ya ci goro, da yau Cindo na wasa wuƙaƙe ba shi da bakin magana. Abin da ke ba ni haushi ke nan duk lokacin da na tuna. Amma ya dawo daga masallaci ya tsaya gaban aikinsa ya ƙirga, kamar yadda yake ƙirga awazar kowace dabba shekara arba'in, sai ya samu goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu. Ya sake ƙirgawa. Ya girgiza kwali, ya ɗaga tabarma, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya da idon tuhuma.

"An yi ha'inci," in ji shi. "Rago sha uku, akuya sha uku, saniya sha uku. Ɗan Adam mai daraja ne za a ba sha biyu? Masu ƙera abin nan sun rage mudu."

Babu wanda ya musa masa, don duk rumfar mahauta ne, kuma babu wanda a cikinsu ya taɓa feɗe mutum, alhamdu lillahi. Cindo ma, da ya ƙirga a zuci, sai ya ɗauka Barde ya gano abin da shi bai gano ba. Nomau ya juya ga ragon da ya yanka da safe, ya zare haƙarƙari biyu, ya kankare su sama-sama saboda gaggawa, ya ɗaure su a gaɓar farko ta kwankwaso, inda babu gurbi babu dalili, sai dai ƙarfin zare da ƙarfin hali. Kalangu ya kaɗa taken nasara. A ƙarƙashin teburi, kunne ɗaya da rabi ya miƙe.

Rana ta karkata lokacin da Uwani ta sauko daga mota da ƙullin waya a hannu, aka tare ta tun daga tasha aka rako ta rumfa. Ta ga kayan makarantarsu rataye a ƙugiya tsakanin cinyar sa da kan akuya. Ta dubi ubanta, ya dubi sama. Ta bar zancen alkawarin safe, don 'yar halak ce. Ta karkata kai don ta ga abin a miƙe, ta fara bi da yatsa tana duba lambobin da ya ƙi dubawa, tun daga wuya, kuma tana tafiya fuskarta na sakewa, har ta kai inda fari ya ƙare ja ya fara.

"Baba, wannan fa?"

"Gyara ne, uwata. Sun manta biyu."

"Ba su manta ba, Baba. Mutum sha biyu gare shi kowane gefe." Muryarta ta yi ƙasa. "Ko gaɓa ɗaya ba ka kuskure ba. Ni da littafi a gaba sai na kwana biyu ina yi. Da ka tsaya a nan, da shi ke nan."

Wannan magana ta fi sara ciwo, amma sadauki ba ya faɗuwa da sara ɗaya. Ya ce gani ya kori ji, a ƙirga a jikin mai rai. Ya ɗaga rigarsa ya laluba, yatsan da bai taɓa ɓata ba ya nutse cikin kitsen shekara arba'in na ɗanɗanon tsire, bai ci karo da ƙashi ko ɗaya ba. Dole aka koma ga maƙiyi. Uwani ta juya baya, Cindo ya tuɓe riga da farin ciki, sai ga ƙirji kamar tsani. Nomau ya bi shi da yatsa daga ƙarƙashin wuya zuwa kwiɓi, Cindo na tsalle saboda cakulkuli, Rundawa na ƙirgawa da baki ɗaya. Suka kai sha biyu. Yatsa ya ƙara gaba, ya tarar da taushin ciki.

Nomau ya tsaya da yatsa a kwiɓin abokin gabarsa, ya dubi Raba-Gardama bisa kututture, ya tuna ranar da Bagudu ya damƙa masa ita, idonsa ya kawo ruwa. Cindo ya miƙa hannu wajen wuƙar tun bai mai da riga ba.

A daidai wannan lokaci, da yake duk idanu na kan haƙarƙarin Cindo, Sarkin Yawo ya fito daga sansaninsa ba kalangu ba kirari, ya daka tsalle guda, ya cafke abin da shi kaɗai ne nama a jikin kwarangwal ɗin, ya fizga. Zare ya tsinke. Kwarangwal ya yi lilo a ƙugiya, ya dawo ya tsaya, kare kuwa ya bi ta tsakanin ƙafafun masu albasa da haƙarƙari biyu a baki. Sai ladan ya ɗaga murya.

Uwani ta sake ƙirgawa a hankali, ta ce, "To, ga la'asar, ga shi kuma ya cika daidai. Ba ragi ba ƙari."

Cindo ya janye hannunsa, ya sa rigarsa, ya ɓalla maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Na yarda, Barde. Wuƙa ba tawa ba ce. Amma in adalci za a yi, a kira mai ita, karen nan, ya dawo daga bayan kasuwa ya karɓa."

Haka Raba-Gardama ta koma ƙarƙashin rumfarta, haka gidan Anaruwa ya tsira da gadonsa. Sai dai tun daga ranar Arzika ya sauya kiɗa, taken da yake yi wa Barde ya koma yi wa kare, kuma a Kukar Jatau har mata masu sayen ƙashin miya ba sa kiran karen nan Sarkin Yawo, sai Malamin Nomau. Cindo yana wasa wuƙaƙen kamar yadda ya yi alkawari, kuma duk wadda ya gama sai ya tambaya ko malam ya duba ta.

Shi kuwa Barden Mayanka, Garkuwan Rundawa, Dodon bisashe, kowace safiya in ya feɗe rago sai ya zare haƙarƙari biyu na ƙarshe ya jefa ƙarƙashin teburi, ba ya duban kowa. Karen ma ba ya tashi, sai dai ya jawo su da ƙafa.